Kura da Akuya da Harawa: Tarihin Matsalar Ƙetare Kogi

1.0 Gabatarwa

A rubutun Hausa na yau da kullum, inda ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, kalmar "wasa" tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai wàasaa, suna, wato abin da yara ke yi a dandali. Akwai kuma waasàa, aikatau, wato abin da mahauci ke yi wa wuƙarsa a kan mawashi. Wannan ne ya sa wasu ke rubuta "wasan ƙwaƙwalwa", wasu kuma "wasa ƙwaƙwalwa", kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. A wannan maƙala an zaɓi na biyu, domin littafin da za mu fara da shi, wanda ya haura shekara 1,100 a duniya, ma'anar sunansa da Latinanci ita ce matsalolin da ake wasa hankalin matasa da su, kamar dai yadda ake wasa wuƙa.

Matsalar da za a bi tarihinta sananniya ce. Ga yadda muka taso muka ji ana faɗarta: wani mutum ya iso bakin kogi tare da kura da akuya da damin harawa. Kwalekwalen da ya tarar ƙarami ne, ba ya ɗaukar komai sai shi da abu ɗaya daga cikin ukun. In ya bar kura da akuya su kaɗai, kura za ta cinye akuya. In ya bar akuya da harawa, akuya za ta cinye harawa. Yaya zai yi ya ƙetarar da su duka lafiya?

Za a duba inda aka fara samun wannan matsala a rubuce, da yadda ta riƙa sauya kama daga ƙarni zuwa ƙarni, da irin siffofin da take da su a harsunan Afirka. Za a kuma nuna cewa rabin wuyarta a cikin harshe take, don haka mai nazarin harshe yana da abin cewa a kanta kamar yadda mai lissafi yake da shi.

2.0 Littafin Alkuwin

Alkuwin malamin coci ne, mutumin birnin Yok da ke arewacin Ingila. An haife shi wajen shekarar 735 Miladiyya. A 781 ya gamu da Sarki Sharlaman a birnin Farma na Italiya, sarkin ya gayyace shi fadarsa don ya shugabanci makarantar da ake koyar da 'ya'yan sarauta. A 796 aka ba shi shugabancin gidan ibada na Waliyyi Martin a birnin Tur na Faransa, a can kuma ya rasu a 804. A cikin wata wasiƙa da ya aika wa Sharlaman wajen shekarar 800, ya ambaci cewa ya haɗo masa da wasu dabarun lissafi don nishaɗi. Wannan wasiƙa na daga cikin dalilan da suka sa masana ke jingina masa littafin nan mai suna Propositiones ad Acuendos Juvenes, duk da cewa kwafi mafi tsufa da ke hannu an rubuta shi ne a ƙarshen ƙarni na 9, bayan rasuwarsa da daɗewa. Wasu kwafe-kwafen suna ɗauke da matsaloli 53, wasu 56. Menso Folkerts ya tace matanin ya buga a 1978, sannan John Hadley da David Singmaster suka fassara shi zuwa Ingilishi a 1992.

Duk wanda ya karanta littafin zai ga cewa gauraye yake. Akwai tambayoyin lissafi tsantsa, kamar ta tsani mai matakala 100, da tantabara ɗaya a kan matakalar farko, biyu a ta biyu, haka har zuwa ta ɗari, ana neman jimillarsu, wato 5,050. Akwai na zolaya, kamar tambayar sawun sa nawa za a samu a kunyar ƙarshe bayan ya yini yana huɗa. Amsar ita ce babu ko ɗaya, tun da garma tana bayansa tana shafe sawun. Akwai ma wadda aka san ba ta da amsa: a yanka aladu 300 cikin kwana uku, kowace rana a yanka adadin da yake mara. Mara uku in an haɗa su ba sa taɓa ba da cika, kuma marubucin da kansa ya bayyana cewa an shirya ta ne don a wahalar da yara.

Wasu daga cikin matsalolin a fili yake cewa baƙi ne a Turai. Matsala ta 39 tana magana a kan wani falke a ƙasashen Gabas da yake son sayen dabbobi 100 da kuɗi 100: raƙumi a kan 5, jaki a kan 1, tumaki 20 a kan 1. Amsar ita ce raƙuma 19 da jaki 1 da tumaki 80. Wannan jikanya ce ga matsalar kaji ɗari ta ƙasar Sin, wadda ke cikin littafin Zhang Qiujian na ƙarni na 5, inda zakara yake 5, kaza 3, tsaki uku kuma 1. Abu Kamil na Masar, wanda ya rayu tsakanin wajen 850 da 930, ya rubuta risala sukutum a kan irinta. Ba abin mamaki ba ne a ga raƙumi a littafin fadar Sharlaman, domin an yi musayar jakadu tsakanin wannan fada da ta Halifa Haruna Rashid a Bagadaza, har ma giwar da halifan ya aika kyauta ta isa birnin Akin a 802.

Amma matsalolin ƙetare kogi, waɗanda suka zo a jere daga ta 17 zuwa ta 20, sun sha bamban, domin wannan littafi shi ne rubutu mafi tsufa da aka san su a cikinsa. Ta 18 ita ce tamu, sai dai da kyarkeci da akuya da damin kabeji. Ta 17 maza uku ne, kowanne da ƙanwarsa, jirgi na ɗaukar mutum biyu, kuma ba a yarda wata ta kasance tare da wani namiji ba sai wanta na wurin. Tana buƙatar ƙetarawa 11. Ta 19 miji da mata ne da 'ya'yansu biyu. Nauyin yaran biyu a haɗe daidai yake da na babba ɗaya, jirgi kuma ba ya ɗaukar fiye da nauyin babba ɗaya, sai an yi ƙetarawa 9. Ta 20 maimaicin ta 19 ce da iyalin bushiya.

A nan ya kamata a yi hattara. Ranar da aka rubuta abu daban take da ranar da aka ƙirƙire shi, kuma mu da muke nazarin adabin baka mun fi kowa sanin haka. Abin da littafin ya tabbatar shi ne cewa an san matsalar a Turai a ƙarni na 9. Bai ce a can aka haife ta ba.

3.0 Inda Wuyar Take

Ga warwarar matsalar, idan mai ba da labari yana tsaye a gaɓar da aka fara:

(1) Ya ƙetarar da akuya.
(2) Ya komo shi kaɗai.
(3) Ya kai kura.
(4) Ya dawo da akuya.
(5) Ya ajiye akuya, ya kai harawa.
(6) Ya komo shi kaɗai.
(7) Ya ƙetarar da akuya.

Hanya ta biyu ita ce a musanya kura da harawa a (3) da (5). Ban da waɗannan biyu babu wata hanya mai ƙetarawa bakwai, kuma babu wadda ta gaza bakwai. Dalilin haka ba shi da wuyar gani. Mutum da kura da akuya da harawa, kowannensu yana iya kasancewa a ɗayan gaɓa biyu, wanda ya ba da yanayi 16. Shida daga ciki akwai ɓarna, saura 10. In aka zana waɗannan goman aka haɗa kowanne da wanda ake iya kaiwa gare shi da ƙetarawa ɗaya, za a ga hanya ce miƙaƙƙiya wadda ta rabu biyu a tsakiya ta sake haɗewa. A matakin farko ma babu zaɓi, domin akuya ce kaɗai za a ɗauke a bar sauran biyun lafiya, tun da kura ba ta cin harawa.

To, tun da hanyar ƙunci gare ta haka, me ya sa manya masu hankali ke cijewa? Kusan kowa yana samun (1) da (2) da (3) ba tare da wahala ba. A (4) ake tsayawa. Mai sauraro ya ji an ce "ya ƙetarar da su", sai ya ɗauka cewa abin da aka riga aka ƙetarar ya gama tafiya. Mai tambaya bai faɗi haka ba. Mai sauraro ne ya ƙara wa kansa wannan sharaɗi, bisa al'adar zance, domin a rayuwar yau da kullum ba wanda ke biyan kuɗin fito ya kai kaya ƙetare sannan ya dawo da su. Wannan shi ne irin abin da Grice ya yi bayani a 1975, wato ma'anar da ake tsinta daga zance ba tare da an furta ta ba. Warware matsalar ya dogara ne ga mutum ya iya raba abin da aka ce da abin da ya zaci an ce. Da zarar ya yi haka, lissafin da ya rage ɗan firamare ma zai iya.

Akwai kuma wani abin lura ta fuskar nahawu. Matakai (2) da (4) da (6) duka suna ɗauke da aikatau mai ƙarewa da -o, wato giredi na 6 a rabe-raben Parsons na 1960, wanda ke nuna aiki ya nufo inda mai magana yake. Idan mai ba da labarin ya koma ɗaya gaɓar ya tsaya, sai komai ya juye: ya kawo akuya, ya koma, ya kawo kura, ya mayar da akuya. Ke nan Hausa tana tilasta wa mai warwarewa ya zaɓi gaɓar da zai tsaya, kuma in ya sauya gaɓa a tsakiyar bayani mai sauraro zai ruɗe ko da lissafin daidai ne. Yarbanci yana yin wannan aiki da jerin aikatau, mú wá da mú lọ, Ibo kuma da ɗafa-ƙeyar -ta, kamar a weta da zụta, wanda ya yi daidai da kawo da sayo. A nan kudu, inda yawancin ɗalibanmu ke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, ban ga darasin da ya kai wannan matsala saurin koyar da bambancin koma da komo ba, domin duk wanda ya kuskure wasali ɗaya ya ba kura ajiyar akuya.

4.0 Sauye-sauyenta a Turai

Matsala ta 18 ba ta sauya sosai ba sai a sunayen dabbobi. A Ingila ta zama dila da dinya da buhun hatsi, kuma an san Lewis Carroll da son yi wa yara ita. Masu tsara fihirisar tatsuniyoyin duniya sun ba ta lamba 1579 a tsarin Aarne da Thompson.

Ta 17 ce ta fi yawo. Tsakanin ƙarni na 13 da na 15 maza da ƙannensu suka rikiɗe suka zama mazaje masu kishi da matansu. Daga nan masana lissafi suka fara tambayar abin da zai faru in aka ƙara yawan ma'auratan. Tartaglia, ɗan Italiya, ya kawo wata warwara ta ma'aurata huɗu a ƙarni na 16, amma akwai kuskure a ciki. Bachet, Bafaranshen da ya wallafa littafinsa na matsaloli masu daɗi a 1612, ya nuna cewa ma'aurata huɗu ba za su ƙetare da jirgi mai ɗaukar mutum biyu ba. Sai a 1879 aka kawo dabarar sanya tsibiri a tsakiyar kogin, wanda da shi kowane adadi na ma'aurata zai iya ƙetarewa, kuma Lucas ya yaɗa wannan a littattafansa na lissafin nishaɗi.

Bayan ma'aurata an yi iyayen gida da barorinsu. Sannan a ƙarshen ƙarni na 19, wato zamanin da aka zauna a Balin a 1884 zuwa 1885 ana tsara yadda za a raba Afirka, sai ga matsalar ta fito da 'yan mishan uku da masu cin naman mutane uku, da sharaɗin kada masu cin mutane su fi 'yan mishan yawa a kowace gaɓa. Ba sai an faɗa wa mai karatu su wa ake nufi ba. Lissafin yana nan kusan yadda Alkuwin ya bar shi, ƙetarawa 11, amma kowane zamani ya tufatar da shi da abin da yake tsoro: wani lalacewar 'ya mace, wani cin amanar bara, wani kuma baƙar fata. A wannan siffa ta ƙarshe ce matsalar ta shiga ilimin kwamfuta, inda Saul Amarel ya yi amfani da ita a 1968 wajen nuna cewa sauƙi ko wuyar matsala ya danganta da yadda aka siffanta ta. A 2024 kuwa mutane da dama sun gwada manhajojin nan masu amsa tambaya da matsalar mutum da akuya kaɗai, ba kura ba harawa, sai wasu daga cikin manhajojin suka riƙa jero kai-da-komo marasa dalili, kamar ɗalibin da ya haddace amsa bai saurari tambaya ba.

5.0 Siffofinta a Afirka

Claudia Zaslavsky ta taɓo wannan matsala a littafinta Africa Counts na 1973, amma Marcia Ascher ce ta tattara siffofinta na Afirka ta kwatanta su a wata maƙala ta 1990. An same ta a Habasha da Sudan da Uganda da Kamaru da Gana da Laberiya da Aljeriya da Zanzibar da Zambiya da Zimbabuwe da tsibiran Kef Bad. Dabbobin sukan bi ƙasa: damisa a wani wuri, dila a wani, kaza da shinkafa a wani.

Muhimmin abin da Ascher ta yi shi ne ta ajiye dabbobin gefe ta dubi ƙashin bayan kowace siffa. Kashi na farko daidai yake da na Alkuwin: abu uku, jirgi mai ɗaukar ɗaya, ƙetarawa bakwai. Tamu ta Hausa a nan ta faɗa. A kashi na biyu, wanda aka samu a Aljeriya da Laberiya da Zanzibar, jirgin yana ɗaukar abu biyu ban da mai tuƙi. Da farko mutum zai ce an lalata matsalar, tun da yanzu sai a ɗauki mai ci da abin da ba ya ci a kai, a dawo a ɗauki akuya, ƙetarawa uku. Sai dai faɗaɗa jirgin ya ba da damar ƙara wani sharaɗi wanda jirgi mai ɗaukar abu ɗaya ba zai iya jurewa ba, wato kada a bar kowaɗanne biyu su kaɗai a gaɓa. Da wannan sharaɗi dole a kai biyu, a ajiye ɗaya, a dawo da ɗaya, a haɗa shi da na ukun a ƙetare. Dabarar dawowa da abin da aka riga aka kai tana nan, amma ginin dabam ne.

A ganina wannan shi ne amsar masu saurin cewa duk abin da aka samu a Afirka mai kama da na Turai aro ne daga makarantar mishan. Aro yana yiwuwa, musamman a wuri irin Kef Bad da ya daɗe a hannun Fotugal. Amma wanda ya ari labari yakan sauya kyarkeci da kura ne ya bar sauran yadda ya same shi. Sauya girman jirgi tare da sauya sharaɗi, har su dace da juna su ba da sabuwar matsala mai warwaruwa, aikin wanda ya fahimci yadda abin yake aiki ne, ko daga ina asalinsa ya fito.

Kashi na uku misali ɗaya ne, daga al'ummar Ila ta Zambiya, wanda Smith da Dale suka rubuta a littafinsu na 1920. A nan abubuwa huɗu ne: damisa da akuya da ɓera da kwandon dawa, jirgi kuma na ɗaukar abu ɗaya. In ya ɗauki damisa, akuya ta ci dawa. In ya ɗauki akuya, ɓera ya ci dawa. In ya ɗauki ɓera ko dawa, damisa ta ci akuya. Tun a matakin farko hanya ta toshe. Labarin ya nuna mutumin ya yi tunanin sadaukar da ɗaya daga cikin dabbobin, amma da yake ya ɗauke su tamkar 'ya'yansa, sai ya fasa ƙetarewar baki ɗaya.

Mai lissafi zai ce wannan matsala ba ta da amsa, ya ajiye ta kusa da aladu 300 na Alkuwin. Amma akwai bambanci. Alkuwin ya yi tasa ne don ya ga yara suna wahalar banza. Mutanen Ila kuwa sun kai mai sauraro har inda lissafi ya ƙare, sannan suka miƙa masa wata tambaya dabam: wanne za ka yarda ka rasa? Da haka ta fita daga sahun wasa ƙwaƙwalwa ta shiga sahun labaran nan da ake rufewa da muhawara, irin waɗanda William Bascom ya tattara a 1975, waɗanda mu ma muna da su, kamar na samari uku da kowanne ya taimaka wajen ceton yarinya ana tambayar wa ya cancanci aurenta.

Wannan ya kawo mu ga wata matsala ta rabe-raben adabin baka na Hausa. An saba jefa irin wannan tambaya cikin kacici-kacici, alhali ba su da dangantaka sai ta tambaya da amsa. Kacici-kacici siffantawa ce a ɓoye, amsarta kalma ɗaya ce wadda al'ada ta tsayar, kuma wanda bai sani ba sai ya ba da gari a faɗa masa. Wani lokaci ma mutum zai kawo amsar da ta dace da siffar a ƙi karɓa, don ba ita aka gada ba. Matsalar ƙetare kogi kuwa amsarta jerin ayyuka ce, baƙon da bai taɓa jin ta ba yana iya gano ta da tunaninsa, kuma kowa a wurin yana iya bin matakan ya tabbatar ko ya ƙaryata, ko da mai tambayar ne ya yi kuskure. Abin da take nema daga al'ada kaɗan ne: a san wa ke cin wa. Shi ya sa take ƙetare harsuna ba ta rasa komai, alhali kacici-kacici da yawa sukan mutu a hannun mai fassara. Ya dace a ware mata gurbi nata a cikin maganganun azanci, kuma mai tattara ta a Fulatanci ko Nufanci ko Tibi ko Ijo ya rubuta girman jirgin da ainihin sharaɗin da kalmomin mai faɗa, domin fassarar da ta tsaya ga sunayen dabbobi ba za ta nuna ko kashi na farko ba ne ko na biyu.

Su ma masana lissafi ba su gama da ita ba. A 2008 Csorba da Hurkens da Woeginger suka duba matsalar a faɗaɗe: abubuwa ko nawa ne, da jerin waɗanda ba sa zama tare, ana neman jirgi mafi ƙanƙanta da zai ƙetarar da su. Suka kira girman wannan jirgi lambar Alkuwin. A ƙirga mafi ƙarancin abubuwan da za a ɗauke a bar sauran lafiya. Girman jirgin ko dai ya yi daidai da wannan adadi ko ya ɗara shi da ɗaya. A matsalar kura da akuya da harawa adadin ɗaya ne, wato akuya, kuma jirgi mai ɗaukar ɗaya ya isa. A ta mutanen Ila adadin biyu ne. Da mutumin nan ya sami jirgi mai ɗaukar abu biyu, da ya kai damisa da dawa, ya komo shi kaɗai, ya ɗauki akuya da ɓera.